Makullin Sito

Ni ke riƙe da makullin sito
a asibitin Alkaleri, can bayan ɗakin magani,
inda darbejiya ke zubar da 'ya'ya kan kwanon rufi.
Ba na yin allura, ba na auna jini.
Aikina ƙirga.

Ranar Litinin na ƙirga:
safar hannu kwali tara,
takunkumi kwali huɗu, ɗaya ya sha yoyon damina,
rigar leda goma sha ɗaya,
takalmin roba ƙafa bakwai.
Bakwai na ce. Ɗaya maraya ne.
Na rubuta, na sa hannu, na miƙa sama.
Takarda ta hau mota ta tafi Bauchi,
ko gaisuwa ba ta aiko ba.

Sai aka gama girbi.
Ɓera ya bi dawa har cikin rumbu,
ya taka garin rogon da aka shanya a bakin kwalta,
ya yi fitsarinsa ya wuce,
bai san ya yi wani abu ba.
Daren Alhamis aka kawo manomi daga Duguri
a bayan a-kori-kura,
jiki kamar tanda, dasashi na tsattsafar jini.
Wani ya ce shawara, wani ya ce sammu,
wani ya ce a dai ƙara masa ruwa.

Sista Rifkatu ke aikin dare.
Kwalin da ke kan teburinta ya ƙare tun la'asar.
Ta zo ta girgiza kwaɗon sito, kwaɗo ya yi shiru.
Makulli na aljihun rigata,
rigar na rataye a ƙusa,
ni kuwa ina gida, ina suɗe miyar kuka.
Ƙa'ida ce: sito sai da safe,
sai da takarda mai sa hannun mutum biyu.

Ta lalubi jijiya da hannu tsirara,
hannun da ya yi wa 'yarta kitso da yamma.

Manomin bai ga Lahadi ba.
Kwana tara, Rifkatu ta ce kanta na sara.
Kwana goma sha ɗaya, maƙogwaro ya ƙi ruwa.
Jininta ya hau motar da takardata ta hau,
amma shi ya dawo da amsa,
kalma ɗaya, Lassa.

Daga nan fa sai motoci.
Kwali kan kwali, har na rasa wurin sa ƙafa.
Aka zo da igiya ja aka kewaye ɗakin ƙarshe,
aka koya mana yadda ake tuɓe riga ba a taɓa bayanta ba,
yadda ake wanke hannu har tsakanin yatsu.
Baba Tasalla mai wankin zannuwan gado,
shekara ashirin tana cuɗa jinin mutane da tafinta,
ranar ta fara sa safa.
Ta ɗaga hannu tana kallo, ta ce,
"Ashe da ni aka yi wannan."

Rifkatu ta tashi.
Cutar ta sake ta, amma ta riƙe kunnenta na hagu.
In za ka yi mata magana, sai ka zagayo dama.
Ni kullum ta hagu nake tsayawa,
can nake faɗin abin da na kasa faɗi.
Ba ta taɓa tambayata ina nake a daren ba.

Ranar kasuwa na kai makullin wurin Barau mai yanka makulli,
ya fitar min da uku.
Ɗaya na wuyan duk mai aikin dare,
ɗaya na wurin Baba Tasalla, a ƙulle a bakin zane,
ɗaya a ƙarƙashin bulo, maigadi ya san wurin.
In an tuhume ni, a tuhume ni.

Yanzu motocin sun daina zuwa.
Igiyar ja ta koɗe, awaki na tsallake ta.
Jiya na ƙirga: safar hannu kwali shida.
Dawa ta fara nuna a gonakin Duguri.
Na ɗauko sabuwar takarda,
na lashi bakin biro.